Fetur Ko Gas: Wace A-Kori-Kura Ta Dace Da Manomi?

Kowace shekara idan kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, ɗan kuɗi ya shiga hannu, a kan sami manoma da ƙungiyoyinsu suna shawarar sayen motar ɗaukar kaya. Dalili kuwa a fili ya ke. Abin da masu motocin haya ke karɓa don kai buhu ɗaya daga gona zuwa kasuwa ya kan cinye babban yanki na ribar manomi, kuma ran da a ka fi bukatar mota ran nan ta fi wuyar samu. Tumatir ba ya jiran direba. Taki kuwa in bai iso a kan kari ba, zuwansa da rashinsa duk ɗaya. Saboda haka ba mai ganin laifin mutanen da su ka haɗa kuɗi su ka ce za su sayi a-kori-kura tasu ta kansu.

Amma da an zauna shawara sai gardama ta tashi. Waɗansu su ce a sayi mai shan fetur, waɗansu su ce a'a, a sayi mai shan gas, watau man dizal. Masu son fetur su ce ita ce mai araha, kuma kowane bakanike ya san ta. Masu son gas su ce ita ce mai ƙarfi, ga ta da tsimin mai. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ke ɓata shawarar shi ne, galibi a kan yanke ta bisa ga kuɗin lita ɗaya na wannan rana, ko bisa ga daɗin bakin dillali, alhali kuwa mota aba ce da za a zauna da ita shekara goma. Ra'ayin wannan fili shi ne, aikin da motar za ta yi shi ya kamata ya zaɓi inji. Wanda motarsa za ta yi ta jigilar kaya masu nauyi, tafiya mai nisa, rani da damina, gas ya dace da shi. Wanda kuwa tasa za ta yi aikin wata uku ko huɗu ta koma ta kwanta a rumfa, fetur ya fi masa. Ga dalilai.

Yadda Su Ke Aiki

Injinan nan biyu duk a Jamus a ka ƙago su. Nikolaus Otto ne ya fito da irin injin da motocin fetur su ka gada, cikin 1876. Rudolf Diesel kuwa, wanda man dizal ya ci sunansa, sai cikin 1897 injinsa ya yi aiki sosai a birnin Augsburg. In an dube su daga waje kusan kamarsu ɗaya, ga silinda, ga fistan mai hawa da sauka. Bambancin yana wajen yadda wuta ke kamawa a ciki.

Injin fetur ya kan zuƙi iska da fetur cikin silinda, fistan ya matsa su, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi, su kama wuta, su tura fistan ƙasa. Matsin ba mai tsanani ba ne, kamar a ɗauki mudu goma na iska a dunƙule shi ya koma mudu ɗaya. In an zarce haka da yawa, fetur zai kama wuta da kansa tun lokaci bai yi ba, a ji inji yana ƙwanƙwasa. Injin gas ba ya bukatar tartsatsi. Iska zalla ya ke zuƙa, ya matse mudu 16 zuwa 20 ya koma ɗaya, har zafinta ya wuce digiri 500. Daidai wannan lokaci nozul ya kan fesa gas a ciki, sai ya kama da kansa. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya ji famfon ya ɗau zafi a hannunsa, ya riga ya san asirin.

Daga wannan matsi abubuwa uku su ka fito. Na fari, tilas a yi injin gas da ƙarfe mai kauri don ya jure, saboda haka ya fi nauyi, ya fi tsada, kuma in an kula da shi ya fi daɗewa. Na biyu, ya fi iya tatsar aiki daga cikin mai. Dama kuwa lita ɗaya ta gas ta fi ta fetur ƙarfi da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In an haɗa biyun, motar gas ta kan yi tafiyar da ta fetur za ta yi da ragin kamar kashi ɗaya cikin huɗu na mai, har ta kan fi haka in akwai lodi. Na uku, ƙarfinsa na ja ya kan zo tun inji yana juyawa a hankali, ba sai an taka totur yana kururuwa ba.

Doki Da Sa

Manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan, gama ya san doki, ya san sa. Doki ya fi gudu, amma in an zo huɗa a ƙasa mai nauyi, sa a ke nema. Injin fetur doki ne, injin gas sa ne. Dillalai su kan yi ta ambaton ƙarfin doki kaza, amma awon da ya fi shafar mai kaya shi ne ƙarfin murɗa, watau ƙarfin da inji ke juya ƙafafun mota da shi, wanda a takardun mota a kan rubuta shi da haruffan Nm.

A ɗauki Toyota Hilux, tun da ita a ka fi sani. Injinta na fetur mai lita 2.7 yana da ƙarfin doki wajen 165, amma murɗarsa 245 ce, kuma ba ya kaiwa nan sai yana juyi 4,000 a minti ɗaya. Injinta na gas mai lita 2.4 ƙarfin dokinsa 150 ne kurum, amma murɗarsa 400 ce, kuma tun daga juyi 1,600 ya ke ba da ita. A kan kwalta, mota ba kaya, ba a cika ganin wannan bambanci ba. Inda ya ke bayyana shi ne ran da za a tashi da buhu goma daga tsakiyar gona bayan an kwana ana ruwa, ko a yashin Machina da Yusufari, ko a Hawan Kibo, ko a hanyar Mambila. A irin wuraren nan direban motar fetur sai ya yi ta wasa da kuloci yana taka totur, ga ɓarnar mai, ga ƙonewar kuloci. Ta gas kuwa sai ta riƙa hawa sannu a giya ta ɗaya ko ta biyu.

Har wa yau tudu ya kan rage wa inji ƙarfi, domin iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Injin da ba shi da turbo, watau na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, ya kan yi hasarar kamar kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 da a ka hau. Jos tana bisa wajen mita 1,200, Mambila kuwa wajen 1,600. Injinan gas na zamani kusan duka suna da turbo, saboda haka manoman dankali da kayan lambu na kan dutse suna da ƙarin dalilin duban gas.

Amurka ita ce gidan manyan a-kori-kura, waɗanda manomansu ke jan tirelar shanu da ta ciyawa da su, kuma akwai abin koyo a wurinsu. Kamfanin Ford, a motocinsa na 2023, ya ba mai saye zaɓi. Ga injin fetur mai lita 7.3, murɗarsa wajen 660. Ga kuma na gas mai lita 6.7, wanda mafi ƙarfinsa murɗarsa ta wuce 1,600, har babbar cikinsu tana iya jan tan 18. Amma injin gas ɗin ya kan ƙara wa motar kusan dala dubu goma a kan kuɗinta, ya kuma ƙara mata nauyin wajen kilo 300. To, wannan nauyi daga cikin kayan da za ta ɗauka a bayanta a ke cire shi. Watau ta gas ta fi ja, ta fetur kuwa sau da yawa ta fi ɗauka. Shi ya sa har a can wanda ba ya jan tirela kullum ya kan tsaya ga fetur, ba ya ganin ya yi abin kunya.

Lissafin Mai

Nan ne mutane su ka fi yin kuskure, domin su kan dubi allon gidan mai su ga gas ya fi fetur tsada, su ce shi ke nan magana ta ƙare. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, nawa a ke kashewa a kowace kilomita?

Ga misali, kuma misali ne kurum, kowa ya sa lambobin garinsu. A ce motar fetur da lodi tana shan lita 14 a kilomita 100, ta gas tana shan lita 10. A ce fetur naira 900 ne, gas naira 1,100. Ta fetur ta ci naira 12,600 ke nan, ta gas ta ci 11,000. Ko da ya ke gas ya fi tsada a lita, an sami rarar naira 1,600 a kowace kilomita 100. Yanzu a ce ta gas ta fi ta fetur tsada da naira miliyan biyu wajen saye. Ƙungiyar da motarta ke yin kilomita 40,000 a shekara, yau Dawanau, gobe Dandume, jibi Maigatari, za ta tara rarar naira 640,000 a shekara, cikin shekara uku da 'yan watanni ta mai da kuɗinta, abin da ya biyo baya riba ce. Manomin da motarsa ke yin kilomita 8,000 kuwa, rararsa 128,000 ce, sai ya yi shekara goma sha biyar da ɗoriya kafin ya mai da nasa. Kafin nan tsatsa ta ci bodi.

Daga wannan misali a na iya fid da ƙa'ida mai sauƙi. In motar fetur na shan 14 inda ta gas ke shan 10, to muddin kuɗin gas bai fi na fetur da kashi 40 cikin ɗari ba, gas ne mai araha a hanya. In ya fi haka, fetur ne.

Kada wani ya ce ai ba zai taɓa fin haka ba. Ya taɓa. Shekaru da yawa gwamnatin Nijeriya tana biyan tallafi a kan fetur, gas kuwa an daɗe da sakar wa kasuwa shi. Cikin 2022, bayan da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi, gas ya kai wajen naira 800 a lita, alhali fetur a farashin gwamnati bai kai 200 ba. A wannan shekara mai motar gas ya ji jiki. Wannan tallafi ne ya sa yawancin ƙananan motocin kaya na ƙasar nan su ka zama na fetur, tun daga Peugeot 404 da 504 da a ka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, har zuwa Hilux. Sai ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin. Cikin 'yan kwanaki fetur ya kai wajen naira 500, cikin Oktoba 2024 kuwa ya wuce 1,000. A 2024 ɗin nan ne kuma matatar Dangote ta Legas ta fara fid da gas, daga baya ta fara fid da fetur. Ratar da ke tsakanin man biyu ta ragu ƙwarai. Abin lura shi ne, cikin shekara biyu kacal lissafin ya juye. Wanda ya kafa shawararsa a kan farashin yini ɗaya, ya yi gini a kan yashi. Nisan tafiya da nauyin kaya su ne ke hannun manomi, su ya kamata ya dogara a kansu.

Masu son fetur suna da wata hujja kuma. Tun 2023 gwamnati ta fara shirin mai da motoci su riƙa amfani da iskar gas da a ke kira CNG, wadda ba ita ce man gas ba, kada sunan ya ruɗi kowa. Injin fetur ya fi sauƙin mayarwa, tun da yana da fulogi. Amma tulun iskar yana da nauyi, yana cin wurin kaya, kuma amfaninsa sai ga wanda hanyarsa ke bi ta inda a ke sayar da ita.

Gas Na Dā Da Na Yanzu

Dattawa su kan ce injin gas ba ya mutuwa. Sun faɗi gaskiya a kan irin wanda su ka sani. Injin Lister na niƙa, da Mercedes 911, da injin 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser wanda a ka fara yi cikin 1990, duk famfonsu na gas na ƙarfe ne irin na dā, ba su da yawan tsirfa. Su kan haƙura da man da ba shi da kyau sosai, su yi hayaƙi, su ci gaba da aiki.

Na zamani ba haka su ke ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 a ka fara yin injinan da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsu. Famfonsu ya kan matsa gas har wajen ninki 2,000 na nauyin iskar duniya, ya fesa shi ta ƙofofin da kaurinsu bai fi na gashin kai da yawa ba. Wannan ne ya ba su ƙarfi da tsimin da a ka ambata a sama. Amma ƙwayar yashi ko ɗigon ruwa na iya lalata su. Daɗin daɗawa, gas shi da kansa ne ke shafa wa famfon mai don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. In an gauraya shi da kananzir, kamar yadda waɗansu marasa tsoron Allah ke yi, ko yaron mota ya yi kuskure ya zuba fetur, famfo da nozul duka na iya tafiya a yini ɗaya, kuɗin gyaransu kuwa ya kan cinye rarar shekara guda ko fiye.

Akwai kuma maganar farar wuta da ke cikin gas. Amurka ta rage ta zuwa kashi 15 cikin miliyan tun 2006, ƙasashen Turai zuwa 10 tun 2009. Cikin 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man da a ke sayarwa a waɗansu ƙasashen Afirka, ta tarar da wanda farar wutarsa ta ninka iyakar Turai sau ɗari uku da wani abu. Cikin 2020 ƙasashen ECOWAS su ka yarda a tsaya a kan 50. An sami ci gaba, amma dokar birni ba ta bin jarkar ɗan bumburutu zuwa ƙauye.

Wannan ya shafi masu sayen motocin Kwatano ƙwarai. Motar gas da a ka yi don Turai ko Amurka cikin shekarun nan tana da rariya a salansa mai kama baƙin hayaƙi, da yawa kuma suna da ƙaramin tanki na wani ruwa da a ke fesawa cikin hayaƙin. Rariyar nan ba ta wanke kanta sai mota ta yi doguwar tafiya ta ɗau zafi sosai. In aikinta daga gida zuwa gona ne, kilomita biyar a giya ta biyu, sai ta toshe, mota ta rasa ƙarfi. Ruwan kuwa uriya ce tatacciya, kashi 32.5 cikin ɗari, a cikin ruwan da a ka tsarkake. Kada wani ya ce ai akwai takin uriya a rumbu ya jiƙa ya zuba, gama dattin da ke cikin taki zai kashe na'urar.

Fetur ma bai tsira ba. Cikin Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai gauraye da sinadarin metanol fiye da kima, motoci da yawa su ka lalace. Sai dai galibi in injin fetur ya sha mummunan mai, wanke tanki da sake filta da fulogi ya kan isa.

Bakanike Da Kayan Gyara

Motar da ta lalace cikin kaka, ga albasa a ƙasa, kowane yini hasara ne. Saboda haka kafin a tambayi kuɗin mota, a fara tambaya wa zai gyara ta, kuma a ina. Kusan kowane gari mai kasuwa yana da bakaniken da ya san injin fetur, kayan gyaransa kuwa ba su da wuyar samu. Masu gyaran famfo da nozul na gas irin na dā su ma akwai su, albarkacin manyan motoci da taraktoci. Amma na zamani sai an kai babban birni, inda a ke da na'urar gwaji da kwamfuta. Bakaniken da ya buɗe irin wannan nozul a gindin bishiya cikin ƙurar hunturu, ko da kyakkyawar niyya ya yi, ya gama da shi. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Juye ma ya fi tsada a wajen gas. Ya fi cin man inji, ga filtar gas da ba a wasa da lokacin sake ta, ga batir da tilas ya zama mai ƙarfi don ya iya juya inji da sanyin asuba. A manyan motocin Ford ɗin nan, injin gas ya kan ci fiye da lita 12 na man inji a juye ɗaya, na fetur bai kai 8 ba. Kuma in an bari gas ya ƙare ƙaf a hanya, iska ta kan shiga bututu, mota ba za ta tashi ba sai an fid da ita. Duk wannan a sa shi cikin lissafi. Daɗewar injin gas ba kyauta ba ce, ladan kulawa ce.

Ajiyar Mai A Ƙauye

A nan gas ya yi wa fetur nisa. Tururin fetur ya kan kama wuta ko da cikin tsananin sanyi, tartsatsi ɗaya ya isa. Gas kuwa sai ya yi zafin da ya wuce digiri 50 kafin tururinsa ya kama. A ƙauyen da ke da danni da jinka da rumbuna kusa da juna, ga iskar hunturu, duron fetur a cikin gida masifa ce a kwance. Ban da haka, gonar da ke da tarakta ko injin niƙa ta riga tana sayen gas. In motar ma ta gas ce, duro ɗaya ya ishi duka, a saye shi a gidan mai amintacce, a ɗora shi bisa katako a inuwa, a bar shi ya kwana biyu datti da ruwa su kwanta, a riƙa ɗiba daga sama, a tace da kyalle marar gashi. Manomin fadama kuwa wanda injinan ban ruwansa na fetur ne, wannan hujja ta koma ta goyi bayan fetur.

Hayaƙin duka biyu guba ne. Cikin 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da a ka tabbatar suna kawo wannan ciwo. Kada a bar mota tana aiki a cikin sito ko rumfar da ke rufe, kada kuma a bar yara su tsaya bayan salansa.

Lodin Da Ya Wuce Kima

Wani abu da a ke yawan gani shi ne, mutum ya sayi ta gas don ya ji tana da ƙarfi, sai ya riƙa ɗora mata buhu ashirin. Injin zai ja, ba shakka. Amma a-kori-kura irin su Hilux an yi ta ne don kamar tan ɗaya, watau buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, har da nauyin mutanen da ke ciki. Sifirin da taya da birki ba su san ko fetur a ke sha ko gas ba. Ƙarfin tashi da kaya dabam, ikon tsayawa da su a gangare dabam, kuma rayukan 'yan kasuwar da ke zaune bisa buhunan a kan birkin nan su ke. Ƙungiyar da ta ga kayanta kullum sun kai tan biyu ko uku, to ta wuce a-kori-kura, sai ta nemi Kanta ko abin da ya fi ta. A wannan aji kuwa ba a ma gardama, kusan duka na gas ne, domin da ma nan ne gidansa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Kafin a kira dillali, shugabannin ƙungiya su zauna da takarda da alƙalami su amsa tambayoyi huɗu. Kilomita nawa motar za ta yi a shekara, in an ƙidaya kasuwannin da za ta ci da watannin da za ta kwanta? Wane irin kaya za ta ɗauka, a kan wace irin hanya? Ina a ke samun mai mai tsabta kusa? Wa zai gyara ta, kuma kwana nawa kayan gyara za su yi kafin su iso?

In amsa ta nuna tafiya mai nisa duk shekara, kaya masu nauyi, yashi ko tudu, ga gidan mai amintacce, ga gwanin bakanike a kusa, to a sayi ta gas, kada tsadar farko ta tsorata kowa, sayen nagari mai da kuɗi gida ne. A nemi irin wadda a ka yi don ƙasashe masu zafi da ƙura, a guji wadda a ka yi don titunan Turai. In kuwa aikin na kaka ne da ɗaukar taki farkon damina, tafiya gajera, mai daga jarka, bakanike na gindin bishiya, to a sayi ta fetur, sauran kuɗin a sa shi cikin iri da taki, inda zai haihu kafin shekara ta kewayo.

Ko wace a ka saya, a ba ta direba ɗaya mai amana, a aje littafi a cikinta, a riƙa rubuta kowace lita da kowace kilomita da kowane gyara. Bayan shekara guda littafin nan zai nuna ko an yi dabara ko an yi kuskure, maƙwabta kuma da za su sayi tasu baɗi su sami abin dubawa. Allah ya sa a dace, ya ba da kasuwa mai albarka.